Taɓaryar Bayan Ƙofa

Kakata, mahaifiyar babana, ta rasu ranar wata Laraba da hantsi a ɗakinta, a gidanmu da ke can saman dutse a Mpape. Daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma. Haka na yi ta maimaitawa a cikin mota tun daga Zariya, inda nake karatu, amma ban iso ba sai da maza suka dawo daga maƙabarta. Tabarmi na tarar a tsakar gida, da takalman mutane jibge a bakin ƙofa.

Kowa da irin nasa kukan. Baba direban tifa ne a wajen fasa dutse, ban taɓa ganin hawayensa ba, ranar ma ban gani ba. Yana zaune a waje cikin maza yana ta juya hularsa a hannu, yana amsa gaisuwa da ka. Gwaggo, ƙanwarsa, da ta taso daga Katsina, ta yi kuka mai ƙarfi na rabin awa, ta share fuska, ta tashi ta karɓe ragamar tukwane kamar dama abin da ya kawo ta ke nan. Umma kuwa duk wadda ta shigo sai ta gaya mata cewa shekara goma sha biyu suna gida ɗaya da surukarta ko sa-in-sa ba su taɓa yi ba. Allah Ya yafe wa Umma, ni kaɗai na san guda biyar. Leburorin dutse ma sun zo, jikinsu fari fat da garin dutse, suka tsaya daga bakin ƙofa suna cewa sun zo gaisuwar Mama mai fura. Ko sunanta ba su sani ba.

Akwai maƙwabciyarmu da muke katanga ɗaya da ita, 'yar Gbagyi ce daga wani ƙauye kusa da Bwari, Kirista. Ta yafo mayafi ta shigo, ba ta zauna cikin mata ba, ta je ta zauna a ƙasa kusa da turmin Kaka. Da na durƙusa na gaishe ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Gobe da safe wa zai tashe mu?" Abin da ta faɗa ke nan duk yinin.

Ranar uku, bayan an yi addu'a an watse, Gwaggo ta ciro wayarta ta ce ai tana da muryar tsohuwa, waƙar dakan nan da 'yarmu ta ɗauka lokacin tana sakandare. Wata dattijuwa ta ɗan ɓata rai, wai waƙa a gidan makoki, amma ita ce ta fara matsowa. Gwaggo ta kunna a hankali. Muryar Kaka ta fito, tana bi da bi ba tsayawa, ga wani ɗan kiɗan waya a ƙarƙashinta. Mata suka fashe da kuka, aka yi ta sa mini albarka, wai na kyauta da na adana musu ita. Ni kuwa na tashi na zagaya bayan gida na tsaya ina kallon duwatsu, don na san abin da suka ji ba waƙar Kaka ba ce. Ni na yanke ta da hannuna, kuma abin da na yanke shi ne dalilin wannan rubutu.

Ina shekara goma Baba ya je ƙauyenmu ta wajen Malumfashi ya ɗauko ta, bayan rasuwar Kakana. Ba ta so tahowa ba. Kayan da ta zo da su ba su taka kara sun karya ba: akwati ɗaya, ƙwarya uku, faifai, turmi, da taɓarya guda biyu. Baba yakan ba da labarin yadda suka kwashe da ita a tasha, yana ce mata mutum ɗaya me zai yi da taɓarya biyu, ga direba yana ƙorafin wuri. Ta ce in ɗaya za ta zauna to ita ma ta zauna. Haka aka ɗaure su a saman mota. Ɗaya ita take daka da ita kullum. Ɗayar kuwa tana jingine a bayan ƙofar ɗakinta, ba wanda yake taɓawa, sai ita da kanta in ta ɗauko ta ranar Juma'a ta shafa mata man gyaɗa don kada ta tsage. Mun saba da ganin haka har ba wanda ya taɓa tambaya.

Kaka ba ta taɓa kiran garin nan da sunansa ba, kan dutse take cewa. Ta ce mutanen kan dutse ba sa gaisuwa, jefa ta suke yi su wuce. In ta fara tambayar mutum gida da yara da gajiya da ruwa, kafin ta kai ga dabbobi ya sha kwana. Shekarar farko takan zauna a ƙofar gida da yamma ko za ta samu abokin hira, ta gaji ta daina. Tsarorinta duk suna ƙauye, ko a ƙasa. Hausar unguwa kuma dariya take ba ta, takan ce a nan mace ma "ya zo" ce. In aka fasa dutse da rana gidan ya girgiza, sai ta dubi rufi ta ce, "To, sun sake ɓallo wa Allah kayanSa." Ni kuma ba ta kirana sai da Malama, don tsokana, ni ma ba na raga mata, tsohuwa mai rigima nake ce mata.

Injin niƙa yana nan ƙasa da gidanmu kaɗan, amma Kaka ta rantse geronta ba zai shiga cikinsa ba. Ta ce furar inji warin baƙin mai take yi. Don haka kullum da an sallame sallar asuba gari ya fara haske, za ka ji turmi. Da shi unguwa take tashi. Tana daka tana waƙa, waƙa ɗaya tak, ba ta canzawa:

Wa ke bakin turmin nan da ni?
Na ɗaga tawa, ina taki?
Gero ya jiƙa, rana tana gudu.

Akwai sauran baitoci, amma da waɗannan take farawa. Abin da duk gidan muka sani shi ne, bayan kowane layi sai ta dakata. Ta dafa taɓarya a cikin turmi, ta ɗan karkatar da kai hagu, ta yi shiru, sannan ta ɗaga ta ci gaba. Mu dai mun yanke hukunci cewa tsufa ne, numfashi take mayarwa. Baba har faɗa yake yi, yana cewa ga shi nan tana haki amma ta ƙi inji. Ba ta taɓa musa masa ba, sai dai ta dube shi ta ci gaba da aikinta.

Faɗanta da Umma yawanci a kan kanwa ne da gishiri, da kuma yadda Umma take wanke ƙwarya da sabulu. Amma ranar da Umma ta kwanta zazzaɓi, Kaka ce ta kwana biyar tana dama mata kunu tana yi mata mita. Lokacin da 'yar maƙwabciyarmu ta haihu, mijin yarinyar ba ya gari, uwar kuma ta rasa inda za ta sa kanta, Kaka ta zagaya ba wanda ya kira ta. Ta daka yaji, ta dama kunun kanwa, ta dinga kaiwa har aka yi arba'in. Wani ya yi mata maganar cewa ai ba addininmu ɗaya ba, ta ce ita ba ta ga addini a cikin cikin mai jego ba, yunwa ta gani. Tun daga nan maƙwabciyar take kiranta Mama.

Ina aji biyar na sakandare abin ya faru. Makarantarmu tana can ƙasa, cikin gari, yawancin ɗaliban 'ya'yan oga-oga ne da ake saukewa a mota. Ni kuwa sai na gangaro ta 'yar hanyar ƙafa, na hau bas, na isa da jar ƙasa a takalmi. Ba wanda ya taɓa zagina, kada in ɗauki alhakin kowa. Ba a dai ganina ne kawai. In an fita tara ina zama a aji in buɗe littafi kamar mai karatu, alhali jira nake a buga ƙararrawa. Na zaɓi darasin kiɗa ne don ajin ba shi da cika, kuma malamin mutum ne mai haƙuri, ba Bahaushe ba ne amma yana ji.

A zango na biyu ya ba mu babban aiki. Kowa zai je gida ya nemi wani babba ya rera masa tsohuwar waƙa, ya ɗauki muryar a waya, sannan ya gina tasa sabuwar waƙar a kai. Ya raba mana takarda mai akwati uku, ya ce kowa ya zaɓi salon da zai bi ya sa alama. Na farko waƙar mutum ɗaya. Na biyu waƙar ƙungiya mai muryoyi da yawa, irin ta coci. Na uku bayarwa da amshi, wani ya bayar wani ya amsa. A ƙarƙashin na biyu da na uku akwai layi inda za ka rubuta sunan wanda za ku yi tare. Kafin a tashi ranar, kowa ya kama nasa, ana ta kiran juna daga wannan benci zuwa wancan. Ni na ninke takardata na sa a jaka.

Mako guda tana cikin jakar. Na yi ta maza sau ɗaya na tambayi wata yarinya da muke benci ɗaya, ta ce ayya, da na faɗa da wuri, sun riga sun cika. Ta faɗa da kirki, wallahi, kuma kirkin ne ya fi yi mini ciwo. Ban sake tambayar kowa ba.

Ranar Asabar na sami Kaka tana tankaɗe, na zauna na karanta mata takardar ina fassarawa. Ta sa na maimaita akwatunan. Da na zo na uku ta ajiye rariya ta ce, "Wannan ce tamu." Na ce ai sai da mutum biyu, ni kuma ba ni da kowa. Ta dube ni kamar na faɗi abin mamaki.

"Ga ni," in ji ta.

Na tuntsire da dariya. Na ce tsohuwa, ke ɗaliba ce? Ta ce in malamin yana son ganinta ai ƙafarta ba ta karye ba, a sa turmi a tifar Baba a sauke mata a makarantar. Da gaske take. Ni kuma a take na hango ta a tsakiyar ajinmu, da zanenta mai warin hayaƙi da haƙoranta na goro, tana daka tana dakatawa, yaran nan suna ɗaukar ta a waya suna ƙunshe dariya. Kunya ta kama ni tun abin bai faru ba. Zan faɗi gaskiya tunda ba ta nan balle in kare kaina a gabanta: rashin abokiya ya sa na kasa zaɓen na uku, amma kunyar Kakata ce ta sa na zaɓi na farko. A gabanta na sa alamar, na ce mata wannan ya fi sauƙi.

Ɗaukar muryar ma sai da muka yi rigima. Na ari wayar Umma, na zaunar da Kaka a kujera cikin ɗaki, na rufe taga don kada hayaniya ta shiga, na ce bismillah. Ta buɗe baki ta rufe. Ta sake gwadawa, muryar ta fito siririya kamar ba tata ba, ta manta layi na biyu. Ta ce ita ba ta iya waƙa a zaune ba, ba ta taɓa yi ba. Dole washegari na tashi da sassafe na tsaya a bakin turmi da waya a hannu, ina hamma. Nan kam murya ta fito. Ta yi waƙar tun daga farko har ƙarshe, da duk dakatawarta, kusan minti biyar.

Malam ya ce kada aiki ya wuce minti biyu. Na zauna da wayar na buɗe abin yanka murya, na ga waƙar a zane, tudu-tudu inda take rerawa, fili-fili inda ta yi shiru. Na bi filayen nan ɗaya bayan ɗaya na datse su, na haɗe layukan suka manne da juna. Har daɗi na ji, ina ganin na rufa mata asiri, ba wanda zai ji kakata tana haki. Na sa ɗan kiɗa a ƙasa, na rubuta baitocina uku na rera a ƙarshe. Wayar Umma ta dinga kukan ta cika, sai na goge ta asalin, tunda ga gyararriya. Ko daƙiƙa ɗaya ban yi tunani ba kafin in danna.

Na ci maki mai kyau, mafi kyau da na taɓa ci a makarantar. Amma da malam ya miƙo mini takardata sai ya ce waƙar tana da daɗi, sai dai kamar ana korar ta, ba ta numfashi. Ya tambaye ni ko akwai wani abu tsakanin layukan a yadda tsohuwar take yi. Na ce babu komai, yallaɓai. Na tura wa Gwaggo da sauran dangi, aka yi ta yaba mini.

Da yamma na kai wa Kaka tana zaune tana tsince gero. Na kunna mata ina washe baki. Ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba, ta ce in sake. Na sake. Sai ta ture faifan gefe.

"Ina kika kai ta?"

"Wa?"

"Mai amsawa."

Na ce Kaka, ba kowa a wurin, shiru ne kawai, hakinki ne na cire. Ta ce, "Ni na ce miki haki nake yi?"

Ranar ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya wa kowa a gidan ba. Tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara ɗaya ce tsakaninsu. Tun suna 'yan mata turmi ɗaya suke daka, lugude suke yi, wannan ta ɗaga wannan ta sauke. Su biyu suka ƙirƙiri waƙar, ita tana bayarwa ƙanwar tana amsawa, kowane layi da amsarsa. Aure bai raba su ba, don gidajen mazansu suna kallon juna. Ƙanwar ta rasu wajen haihuwa tun Baba yana yaro. Taɓaryarta ce a bayan ƙofa. Tun daga ranar Kaka ba ta taɓa rera amshin da bakinta ba, don ba nata ba ne, kuma ba ta taɓa tsallake wurinsa ba. Takan tsaya daidai tsawon da ƙanwar za ta ɗauka ta amsa ta buga nata, sannan ta ci gaba. Ta ce, "A nan kaɗai nake jin ta. Shi ne kika share."

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma ni ce, bakina ya fi ni sauri, ga kuma haushin an ɓata mini murnata. Na ce to ni ina zan sani, aikin makaranta ne, akwati uku aka ba ni, kuma ko na zaɓi na uku ai ba a rubuta sunan matacce a layin abokin aiki. Kalmar nan na yi amfani da ita, matacce.  Kaka ta jawo faifanta ta ci gaba da tsince gero.

Kwana uku ba ta kira ni Malama ba. Da sunana na yanka take kirana, a hankali, kamar baƙuwa. Turmi yana tashi da safe amma ba waƙa. Umma ta tambaye ni me na yi wa tsohuwa, na ce ban sani ba. A rana ta huɗu na dawo daga makaranta na tarar ta ajiye mini fura a ƙaramar ƙwaryarta, wadda ba ta ba kowa, ta dama da nono mai yawa yadda nake so. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun a ranar, yaro ai bai san abin da ba a gaya masa ba. Sannan ta nuna ƙofar ɗakinta da haɓa.

"Duk ranar da kika shirya, Malama, ki ɗauko ta. In koya miki amshin. Amma ba a faɗinsa a zaune, sai da taɓarya a hannu."

Na ce to, bari a gama jarrabawar zango. Aka gama, na ce bari a yi hutu. Hutu ya zo, barcin safe ya fi ƙarfina. Sau ɗaya na leƙo na ga ta fito da taɓaryar ta jingine ta a jikin katanga kusa da turmi, ni kuwa na yi kamar ban gani ba, na wuce da bokitina. Da na dawo ta mayar da ita. Daga nan sai jarrabawar fita, sai neman gurbin karatu, sai Zariya. In na kira Umma takan miƙa wa Kaka waya, ta yi mini gaisuwarta mai tsawo har da tambayar ruwa, ni kuma ina duba sauran katina. A ƙarshe takan ce, "Tana nan fa, ina shafa mata mai." In ce in sha Allahu wannan hutun. Shekara biyar ina cewa wannan hutun.

Bayan Gwaggo ta kunna waƙar nan ranar uku, na shiga neman amshin kamar mahaukaciya. Na tambayi Gwaggo, ta ce ita tana ƙarama sosai lokacin, abin da take tunawa kawai shi ne innar tasu tana amsawa tana dariya. Baba ya ce shi namiji me zai kai shi bakin turmi. Na sa aka kira ƙauye, aka kai waya wurin wata tsohuwa ɗaya da ta rage cikin tsarorinsu. Ta ce ta tuna 'yan'uwan nan biyu da lugudensu, har tsayawa ake yi a kalle su, amma waƙar tasu ce su kaɗai, ba wanda ya riƙe. Na binciki tsohuwar wayar Umma ko ta asalin ta maƙale a wani lungu. Babu. Gumbar sadakar bakwai ma a inji aka niƙo ta, don Gwaggo ta ce ba mai ƙarfin daka wa wannan taron. Ban iya ci ba.

Washegarin bakwai baƙi suka watse. Gari ya waye tsit, irin shirun da unguwar ba ta saba da shi ba. Na shiga ɗakin Kaka na ɗauko taɓaryar bayan ƙofa. Tana da santsi, tana ƙamshin man gyaɗa, Juma'ar da ta wuce ce kaɗai ba a shafa mata ba. Na zuba gero a turmi, na yayyafa ruwa, na tsaya ban san ta inda zan fara ba. Sai ga maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga, ta ga abin da ke hannuna, ta zagayo.

Na gaya mata komai, har kalmar da na faɗa. Ta ce ita tun tuni ta san ba gajiya ba ce, don mai gajiya hutunsa ba ya zama daidai kullum, na Mama kuwa ko da agogo aka auna ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Shekara goma sha biyu tana jin sa ta bayan katanga tana wanke-wanke, har jikinta ya riƙe. Ta ce akwai ranar da tausayi ya kama ta, ta zagayo ta ce Mama ba ni ɗayan in taya ki.

"Sai Mama ya ce mini, na gode 'yata, amma wannan na jikata ne. Tana karatu, in ta gama za ta zo."

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar Laraba. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ɗauki wayata, ta ce in nuna mata inda ake dannawa a tsayar. Ta kunna waƙar da na yanke. Muryar Kaka ta ce, wa ke bakin turmin nan da ni, sai maƙwabciyar ta danna ta tsayar, ta ɗaga yatsa tana ƙirgawa a ranta, kanta a karkace hagu yadda Kaka take yi. Ta dube ni. Na ɗaga taɓaryar na buga, na sake bugawa. Na buɗe baki, ba abin da zan faɗa. Da lokacin ya cika ta saki, Kaka ta ce, na ɗaga tawa, ina taki. Haka muka bi waƙar layi-layi har ƙarshe, ita tana mayar da shirun inda na cire shi, ni ina bugawa a ciki da bakina a rufe. Sai a ranar na lura layin farko tambaya ce, ni da na ci maki a kanta.

Turmin da taɓarya biyun suna ɗakina yanzu, Baba ya ce ba wanda zai yi amfani da su. Ranar Juma'a nakan shafa musu mai, duka biyun.

Allah Ya jiƙanki, Kaka, Ya yafe miki, Ya haskaka makwancinki. Na zo, amma na makara. Allah Ya sa inda kika je kina bayarwa ana amsa miki.